Tsohon laifi ba sabon laifi ba ne

Akwai tambayar da ake yi a kotun laifuka bayan an gama sauraron shaidu, an tabbatar wa mutum da laifinsa, kafin a faɗi hukunci. Alƙali kan ɗago kai daga takardunsa ya dubi mai gabatar da ƙara ya ce, an taɓa samun sa da laifi? Idan amsar a'a ce, sai ka ga lauyansa ya miƙe da ƙwarin gwiwa yana roƙon sassauci: ya mai shari'a, karon farko ne, yana da iyali, ya yi nadama. Idan kuwa mai gabatar da ƙara ya buɗe fayil ya shiga jero shekaru da sunayen kotuna, zance ya canja. Kayan da aka sace ba su ƙaru ba, raunin da aka ji wa wanda aka cuta bai ƙara zurfi ba, amma hukuncin zai ƙara nauyi. A wata ƙasa ya ninka, a wata kuma ɗaurin shekara 2 ya koma na rai da rai.

Da wuya a sami tsarin shari'ar da bai yarda da wannan ba, kuma yawancin mutane ba sa ganin akwai abin tambaya a ciki. Ni ma ba na cikin masu cewa alƙali ya rufe ido ga tarihin wanda ke tsaye gabansa. Gardamata a kan nauyin da ake ɗora wa tarihin take. A ganina tsohon laifi yana da hurumin janye wa mutum rangwamen da ake yi wa sabon shiga, yana kuma iya matsar da hukunci sama, amma a cikin iyakar abin da laifin yau ya cancanta. Idan ya fasa wannan iyaka, har ƙaramar sata ta jawo ɗaurin da ake yi wa mai kisa, to an daina hukunta aiki, an koma hukunta mutum a kan ko shi wane ne. Kuma an sake cazar sa bashin da ya riga ya biya da shekarunsa.

Ba duk wanda ya yi laifi sau da yawa doka ke kira mai maimaita laifi ba. Wanda ya fasa shaguna biyar a wata guda, aka kama shi a na biyar, tuhuma biyar ce a kansa, amma a idon dokoki da yawa bai shiga wannan rukuni ba tukuna. Sai kotu ta taɓa yanke masa hukunci, hukuncin ya tabbata, sannan ya sake. A dokar Faransa, alal misali, wanda ya koma ga irin laifin da aka hukunta shi a kai, ko makamancinsa, cikin shekara 5 bayan ya gama hukuncin farko, ƙololuwar ɗauri da ta tara suna ninkawa a kansa. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da sanin wannan bambanci: wanda ya yi sata sau da dama kafin a kai shi gaban alƙali, haddi ɗaya ake tsayar masa, sai in ya sake bayan an tsayar ne ake maganar na biyu. Hikimar a fili take. An ja masa kunne a bainar jama'a, ya ɗanɗani hukunci, ya san abin da ke jiran sa, ya kuma koma. Laifinsa na biyu ya haɗa da raina gargaɗi.

Wannan hujja tana da ƙarfi a karo na biyu, wataƙila har na uku. Daga nan sai ta fara yin sanyi. Mutumin da aka gurfanar karo na goma sha biyar kan satar ƙananan kaya a kanti, da wuya ka same shi wani ƙasurgumin da ya sha alwashin raina kotu. Galibi mashayi ne da ƙwaya ta kama, ko mai taɓin hankali da ba ya samun magani, ko wanda ba shi da wurin kwana. Yawan dawowarsa shaida ce ta rauninsa fiye da taurin kansa. Shaida ce kuma cewa maganin da aka ba shi sau goma sha huɗu bai yi aiki ba, amma dokar ba ta da abin cewa sai a ƙara masa irinsa.

Masu son a tsananta suna da hujja ta biyu, kuma ita ce mai nauyi, ba zan rage mata komai ba. A 1972 wasu masana uku, Wolfgang da Figlio da Sellin, suka fitar da sakamakon bibiyar yara maza kusan 10,000 da aka haifa a 1945 suka tashi a birnin Filadelfiya na Amurka. Sun gano cewa kashi 6 cikin ɗari na yaran su ne suka aikata fiye da rabin duk laifuffukan da 'yan sanda suka rubuta wa rukunin. Bincike a wasu ƙasashe ya sake nuna irin wannan siffa: 'yan tsiraru ne ke ɗauke da mafi yawan ɓarna. Duk ɗan sandan da ya daɗe a unguwa ɗaya zai faɗa maka haka ba tare da ya karanta komai ba, ya san sunayen da ke dawowa teburinsa. To idan haka ne, me zai hana a ware waɗannan 'yan tsiraru a kulle su, jama'a su huta?

Ga kuma zafin rai, wanda shi ne ke haifar da irin waɗannan dokoki, ba ƙididdiga ba. A watan Oktoba na 1993 aka sace wata yarinya 'yar shekara 12, Polly Klaas, daga ɗakinta a jihar Kalifoniya, aka kashe ta. Wanda ya yi aikin yana da dogon tarihi, har da satar mutane, kuma watanni kaɗan kafin nan aka sake shi bisa talala, wato sakin da ake yi wa fursuna bisa sharaɗi yana ƙarƙashin sa idon hukuma. Babu mai imanin da zai ji wannan bai tambayi me ya fito da shi ba. A 1994 jihar ta kafa dokar da aka fi sani da dokar karo uku, masu zaɓe kuma suka amince da ita da gagarumin rinjaye. Wanda ke da babban laifi ɗaya a baya, hukuncinsa na gaba ya ninka. Wanda ke da biyu, na ukun zai jawo masa aƙalla shekara 25 zuwa rai da rai. Kuma na ukun ba sai ya zama na zubar da jini ba.

A nan aka yi tuntuɓe. A watan Maris na 2000 wani mutum mai suna Gary Ewing ya shiga shagon wani filin wasan golf a yankin Los Angeles, ya cusa sandunan wasan guda uku a ƙafar wandonsa, kowace dala 399, ya fita yana ɗingishi. Ɗingishin ne ya sa ma'aikacin shagon ya yi zargi ya kira 'yan sanda. Ewing ba mai tsabta ba ne, yana da fasa gidaje da fashi a tarihinsa, kuma yana kan talala a lokacin. An ɗaure shi shekara 25 zuwa rai da rai. Wani kuma, Leandro Andrade, tsohon soja da ƙwayar heroin ta cinye, ya saci kaset-kaset na bidiyo a shagunan Kmart biyu a 1995, kuɗinsu duka bai kai dala 154 ba. Da yake sata biyu ce, sai aka jera masa hukuncin sau biyu: shekara 50 kafin ma a saurari batun sakinsa. Duka shari'un biyu sun kai Kotun Ƙolin Amurka, kuma a rana ɗaya cikin Maris na 2003 alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, hukuncin ya tsaya. Tun a 1980 ma kotun ta bar ɗaurin rai da rai a kan William Rummel na jihar Texas, wanda zambarsa uku, har da karɓar kuɗin gyaran na'urar sanyaya ɗaki bai gyara ba, ba su kai dala 230 ba a haɗe.

An yi dokar ne da hoton makashin yarinya a zuciya, ta zo ta faɗa kan mai ɗingishi da sandunan golf. Wannan ba kuskuren Kalifoniya kaɗai ba ne, haka irin wannan doka take yi a wurare da dama da aka gwada ta, domin masu ƙananan laifuffuka sun fi masu manya yawa nesa ba kusa ba, kuma sun fi su saurin tara lamba, wato adadin hukunce-hukuncen da doka ke ƙirga wa mutum. Mai kisa yana shiga sau ɗaya ya daɗe. Ɗan sane yana iya shiga ya fita sau uku a shekara biyu. Duk dokar da ke ƙirge, shi za ta fara cimma.

Faransa ta daɗe da ganin haka a aikace. A 1885 ta kafa dokar korar masu maimaita laifi zuwa yankunan da take mulka a ƙetare, musamman Giyana da ke Kudancin Amurka, korar da ba dawowa. Da mutum ya cika adadin hukunce-hukuncen da aka ƙayyade, alƙali ba shi da zaɓi. Waɗanda jiragen ruwa suka kwasa, da yawansu ƙananan ɓarayi ne da 'yan gararamba, kuma zazzaɓi da wahala suka kashe dubbai a can. Sai a 1970 aka share wannan hukunci daga dokar ƙasar. Turawan Ingila kuwa a Indiya sun kai abin maƙura: dokarsu ta 1871 ta ayyana ƙabilu sukutum a matsayin masu laifi tun daga haihuwa, ana rubuta sunayensu, ana taƙaita zirga-zirgarsu, jariri ma yana cikin lissafi. A Jamus, dokar miyagun da laifi ya zama musu ɗabi'a ta fito ne a Nuwamba na 1933, shekarar da 'yan Nazi suka hau mulki. Ban kawo wannan don in ce duk mai son tsanantawa yana da irin zuciyarsu ba. Na kawo shi ne don tunanin da ke ƙarƙashi ɗaya ne, cewa akwai wani nau'in mutane da hali zanen dutse ne a gare su, kuma hukuma tana iya gane su ta ƙirga.

Abin da aka fi tabbatarwa a ilimin laifuka ya saɓa wa wannan tunani. Tun a 1831 masanin ƙididdiga ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya lura cewa aikata laifi yana da alaƙa da shekaru, kuma har yau ba a rushe wannan ba. Yana tashi a ƙarshen ƙuruciya, ya kai ƙololuwa wajen shekara 20, sannan ya riƙa sauka. Mafi yawan waɗanda suka addabi unguwa suna samari suna dainawa, ba don wani wa'azi ko tsoron ɗauri ba kawai. Jiki ya gaji, an yi aure, an sami abin yi, abokan sun watse ko sun mutu. To yaushe mutum yake cika laifi uku manya da aka kama shi a kansu aka hukunta? Sau da yawa bayan ya haura 30, wato daidai lokacin da wutarsa ta fara mutuwa. Sai a kulle shi shekara 25, a biya kuɗin tsaron dattijon da gwiwarsa ba ta iya haura katanga, a biya kuɗin asibitinsa, yayin da ɗan shekara 18 da ke kan ganiyarsa yake waje da fayil fari fat. Idan manufar ita ce kare jama'a, wannan lissafi bai fita ba.

Batun tsoratarwa fa? Gaskiya ita ce yana ɗan aiki. Wasu masana tattalin arziki biyu, Helland da Tabarrok, sun nuna a 2007 cewa a Kalifoniya kama waɗanda ke da lamba biyu ya ragu da kashi 17 zuwa 20 cikin ɗari. Ba ƙaramin abu ba ne, amma su kansu sun nuna cewa kuɗin da aka kashe kan kowane laifi da aka hana ya yi yawa ƙwarai, kuma da an zuba shi wajen ƙara 'yan sanda da ya fi amfani. Wannan ya dace da abin da Cesare Beccaria ya rubuta tun 1764, cewa tabbacin za a kama ka ya fi tsananin hukunci hana laifi. Wanda ƙwaya ke sassaƙar jikinsa da asuba ba ya zama ya auna shekara 5 da 25. Abin da yake dubawa shi ne ko mai gadi yana kallo.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. Fayil ɗin da mai gabatar da ƙara yake karantawa ba tarihin laifuffukan mutum ba ne, tarihin kamun da aka yi masa ne. Wanda ke laifinsa a titi, a unguwar da motar sintiri ke zagayawa dare da rana, fayil ɗinsa zai yi kauri. Wanda ke nasa da biro a ofis, yana iya shekara 20 yana kwasa kafin a tuhume shi sau ɗaya, ranar da ya zo kotu kuma a kira shi mai laifin farko, a roƙa masa sassauci. Da zarar an san fuskarka kuma, kai ne farkon wanda za a nema in an yi ɓarna a kusa. Haka lamba ke haifar da lamba. Yanzu da wasu kotuna ke amfani da manhajar kwamfuta wajen hasashen wanda zai sake laifi, wannan fayil ɗin ne dai abincinta, sai ta mayar da tsohon son kai ya fito da kamannin lissafi.

Za a ce to ai gara doka ta ƙayyade, domin in aka bar wa alƙali zaɓi, wani zai yi sako-sako, wani a saye shi, wani ya duba fuska. Wannan damuwa ce ta gaske. Sai dai dokar dole ba ta kashe zaɓi, tana ɗauke shi ne daga hannun alƙali, wanda ke zaune a fili yana rubuta dalilansa ana iya ɗaukaka ƙara a kansu, ta miƙa wa mai gabatar da ƙara, wanda ke yanke nasa a ofis ƙofa a rufe. Shari'ar Paul Hayes a jihar Kentucky ta nuna yadda abin yake. An tuhume shi da cakin banki na jabu na dala 88 da 'yan kai. Mai gabatar da ƙara ya ce masa ya amsa laifi a nema masa shekara 5, in ya ƙi kuma za a ƙara masa tuhuma a ƙarƙashin dokar masu maimaita laifi, saboda yana da manya biyu a baya. Hayes ya ƙi, ya ce a yi shari'a. Aka same shi da laifi, aka ɗaure shi rai da rai, kuma a 1978 Kotun Ƙoli ta ce babu aibu. Ka auna mutumin da bai aikata ba, amma yana da tarihi, aka ajiye masa wannan ciniki a gaba. Mutum nawa ne za su yi ƙarfin halin cewa a yi shari'a?

Sai babban giɓin da ke cikin duk wannan lissafi, wato kason hukuma. Ofishin ƙididdigar shari'a na Amurka ya bibiyi fursunonin da aka saki a jihohi 30 a 2005: kashi 68 cikin ɗari an sake kama su cikin shekara 3, kashi 83 cikin shekara 9. A Norway, adadin da aka fi ambata shi ne kusan kashi 20 da ake sake yanke wa hukunci cikin shekara 2. Ba a gwada su kai tsaye, domin kamu daban, hukunci daban, kuma irin mutanen da kowace ƙasa ke ɗaurewa sun bambanta. Duk da haka tazarar ta isa ta nuna cewa komawa laifi ba daga zuciyar fursuna kaɗai yake fitowa ba. Yadda aka tsare shi da yadda aka sake shi suna da hannu. A Ingila, fiye da rabin manyan da suka yi ɗaurin ƙasa da shekara guda suna sake laifi cikin shekara. Gajeren ɗauri ya isa ya raba mutum da aikinsa da ɗakin hayarsa, wani lokaci da matarsa, amma bai isa a koya masa sana'a ko a raba shi da ƙwaya ba.

A duba ranar fita kanta. An buɗe ƙofa, ga mutum da kayansa a leda, tufafin da aka kama shi da su, wayar da ta daɗe da mutuwa, wataƙila ba katin shaida. A Ingila kuɗin sallamar da ake ba shi ya tsaya a fam 46 na kimanin shekara 25, sai a 2021 aka ƙara zuwa 76. A Kalifoniya dala 200 ce tun 1973. Idan ranar ta faɗo Juma'a, dole ya ga jami'in talala, ya nemi wurin kwana, ya nemi magani, duk kafin ofisoshi su rufe, in ba haka ba sai Litinin, kuma kwana uku a titi sun isa komai ya lalace. Sai a 2023 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta ba da damar a matso da sakin baya da kwana ɗaya ko biyu. Ƙaramin gyara ne, ba ya cin kuɗi, amma an shekara da shekaru ba a yi ba, domin ba ya kawo ƙuri'a kamar alkawarin kulle mutane. Sannan ga neman aiki. A gwajin da Devah Pager ta yi a birnin Milwaukee, wanda aka buga a 2003, matasa masu takardu iri ɗaya suka nemi aiki: farar fata marasa tarihi kashi 34 aka kira, masu tarihi kashi 17, baƙar fata marasa tarihi kashi 14, masu tarihi kashi 5. An rufe masa ƙofar halal, in ya koma ta haram a ce ai dama an faɗa, tuban muzuru ne. Ranar da ya sake tsayawa gaban alƙali, babu mai karanta fayil ɗin gidan yarin da ya riƙe shi shekara 3 ya sako shi bai iya komai ba.

Ban manta da mugu na gaske ba. Akwai mai fyaɗen da ya yi, aka ɗaure, ya fito ya sake. Akwai wanda duk fitowarsa sai an zubar da jini. Irin wannan laifinsa na yau ma ya isa a ɗaure shi shekaru masu yawa, ba ya buƙatar dokar ƙirge. Idan kuma wa'adinsa ya ƙare alhali likitoci da jami'ai suna ganin har yanzu haɗari ne, akwai ƙasashen da ke ci gaba da tsare shi, kuma na yarda ana iya buƙatar haka ga 'yan kaɗan. Amma a kira abin da sunansa: tsarewa ce saboda abin da ake tsoron zai yi, ba hukunci ba ne kan abin da ya yi. Don haka nauyin hujja yana kan hukuma, kuma dole kotu ta riƙa dubawa lokaci-lokaci. Norway tana ƙara wa'adin irin wannan tsarewa shekara biyar-biyar, kowane ƙari sai kotu ta amince. A Jamus, bayan Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta same ta da laifi a 2009, kotun tsarin mulkin ƙasar ta yanke a 2011 cewa dole wurin da ake irin wannan tsarewa ya bambanta da kurkuku a zahiri, a kuma ba mutum magani da hanyar da zai bi ya fita. Inda aka yi sakaci da wannan, Ingila ta nuna sakamakon. Hukuncin tsarewa marar wa'adi da ta fara a 2005 an yi zaton mutane kaɗan zai shafa, sai aka yanke shi fiye da sau 8,000, har ga waɗanda asalin wa'adinsu bai wuce shekara 2 ba. An ce sai sun yi kwasa-kwasan gyaran hali kafin a sake su, kwasa-kwasan kuma babu isassu. An soke shi a 2012, amma sokewar ba ta shafi waɗanda ke ciki ba, wasu sun haura shekara 10 a kan wa'adinsu. David Blunkett, ministan da ya kawo dokar, ya fito ya ce yana nadama.

Ga sauran, waɗanda su ne mafi yawa, abin da nake so doka ta yi ba sabon abu ba ne, akwai inda ake yi. Tsohon laifi ya riƙa tsufa. Satar da mutum ya yi yana shekara 19 ba ta da abin faɗa game da shi yana 45 in tsakaninsu babu komai, kuma tun 1974 Birtaniya take da dokar da ke ɗauke wa mutum wajabcin ambaton wasu tsofaffin hukunce-hukunce bayan wani lokaci. Ya kamata kuma a duba dangantaka, domin wanda aka taɓa kamawa da tuƙin ganganci, yau kuma aka kama shi da zamba, ban ga gargaɗin da ya raina ba. Jamus tana da sashe a dokarta da ke ƙayyade mafi ƙarancin ɗauri ga mai maimaitawa, ta soke shi a 1986, ta bar tarihin mutum a matsayin ɗaya daga cikin abubuwan da alƙali ke aunawa, kuma ƙasar ba ta rushe ba. Faransa ta kawo irin wannan dole a 2007 zamanin shugaba Sarkozy, ta soke a 2014. A Kalifoniya kanta, masu zaɓe fiye da kashi biyu bisa uku suka gyara dokarsu a 2012, suka ce sai laifi na uku ya zama babba ko na tashin hankali, aka kuma ba waɗanda ke ciki damar neman a sake duba hukuncinsu.

Ba na tsammanin wannan ya kashe maganar. New Zealand ta kafa tata dokar karo uku a 2010. A ƙarƙashinta aka yanke wa wani mai taɓin hankali shekara 7 saboda ya sumbaci wata mata da ƙarfi a titi a Wellington, laifi ne ba shakka, amma alƙalin da ya yanke hukuncin ba shi da ikon rage ko kwana ɗaya, sai da Kotun Ƙolin ƙasar ta shiga tsakani a 2021. An soke dokar a 2022, gwamnati ta canja, aka dawo da ita a 2024. Sai dai waɗanda suka dawo da ita sun saka sharaɗin da babu a ta farko: ba a ƙirga laifi a matsayin lamba sai hukuncin da alƙali ya ga ya dace da shi ya wuce wani tsawo da aka ƙayyade.